Esin gaban motar gidana iska mai ɗumi yake hurawa, na ƙara gas babu canji

Baban Sadik:
Assalamu alaikum jama'a. Ina neman shawarar waɗanda suka san aikin sanyi. Motata irin babbar nan ce mai ɗaki da kicin a ciki, mai siffar bas, ƙirar 2004, injin fetur a gaba. Ta yi kusan wata bakwai a ajiye. Makon jiya na fito da ita zan yi tafiya da iyali, na kunna esin gaban direba, fanka tana juyawa da ƙarfinta amma iskar da ke fitowa ɗumi gare ta, wani lokaci ma har da zafi. Na saman rufi kuwa lafiyarsa ƙalau idan na tayar da janareta. Na sayi gwangwani biyu na gas na ɗura, ban ga wani canji ba. Kwamfuresa ce ta mutu ko me?

Alhaji Dogo:
Wa alaikumus salam. Gas ɗin ne bai isa ba. Waɗannan motoci bututunsu dogo ne, ba kamar na ƙaramar mota ba. Gwangwani biyu ba zai yi mata komai ba. Ka ƙara ɗaya ko biyu za ka ga sanyi ya dawo. Haka na yi da tawa shekara uku da suka wuce, har yau ban sake taɓa ta ba.

Mai Geji:
Baban Sadik, don Allah kada ka sake ɗura ko ɗigo ɗaya tukuna. Alhaji, ka yi mini afuwa, amma ƙarin gas ba tare da an auna ba shi ne abin da ya fi kashe kwamfuresa a cikin aikin da ke zuwa hannuna.

Da farko ka cire esin rufi daga lissafi. Shi da wutar janareta ko ta waje yake aiki, gas ɗinsa daban, kwamfuresarsa daban. Na gaban direba kuwa inji ne ke juya shi ta hanyar bel. Lafiyar wancan ba ta gaya mana komai a kan wannan.

Ga abin da nake so ka yi, babu kayan aikin da yake buƙata. Ka tayar da mota, ka sa esi a ƙarshen sanyi, fanka a ƙarshe, sannan ka je ka kalli fuskar kwamfuresa. Fulin da bel ke ja kullum yana juyawa muddin inji na aiki, wannan ba shaida ba ce. Farantin da ke tsakiyarsa za ka kalla. Yana juyawa tare da fulin? Yana tsaye? Ko yana kamawa yana saki? Idan yana kamawa yana saki, ka ƙirga daƙiƙa nawa yake yi kafin ya saki. Ka kiyaye hannunka da rigarka daga bel da fanka.

Baban Sadik:
Na gode Oga. Yanzu na dawo daga wajen motar. Farantin yana kamawa, na ji ƙarar "ƙas" ɗinsa sarai. Yana yin kamar minti ɗaya da wani abu yana juyawa, sai ya saki na ɗan lokaci, sai ya sake kamawa.

Mai Geji:
Madalla. To fis da rile da wayar kuloci duk mun sallame su, domin da ɗayansu ya lalace da farantin ba zai kama ba ko kaɗan. Kuma gas bai ƙare ƙarƙaf ba. Akwai makunnin tsaro a ɓangaren ƙaramin matsi da ke hana kwamfuresa tashi idan matsin ya faɗi ƙasa da wajen psi 20 zuwa 25, saboda man da ke shafe cikinta tare da gas yake zagayawa.

Yanzu sai aikin hannu. Bututun ƙarfe biyu ne ke shiga akwatin esi ta bangon da ke tsakanin inji da gaban direba, ɗaya siriri ɗaya mai kauri. Bayan minti biyar da kunna esi ka taɓa mai kaurin. Kusa da su akwai tiyo biyu na roba baƙaƙe, su ne na hita, ruwan lagireto ke bi ta cikinsu. Su ma ka taɓa, amma a hankali.

Ɗan Autan Direba:
Oga Mai Geji ina ruwan hita da wannan magana? Mutum yana kukan sanyi kai kana tura shi wajen hita. Ni a ganina ya sa geji kawai ya ga ko gas ya cika, magana ta ƙare.

Mai Geji:
Ƙanena, ruwanta ne ƙwarai. Hita da esi a cikin akwati ɗaya suke zaune. Iskar da fanka ta turo tana fara ratsa ebaforeta, wato ɗan lagireton sanyi, daga nan ta wuce ta gefen ɗan lagireton hita kafin ta fito fuskarka. Ruwan inji idan ya yi zafinsa na aiki yana kaiwa wajen digiri 90. Idan bawul ɗin da ke tsare wannan ruwa bai rufe ba, ko ƙofar da ke raba iskar zafi da ta sanyi ta maƙale, to esi zai sanyaya iskar, hita kuma ta sake dafa ta. Kai da ke zaune a kujera ba za ka iya bambance wannan da ƙarewar gas ba.

Maganar geji kuma, a nan ne mutane da yawa ke ruɗewa, bari in ɗan tsaya a kai. Idan inji a kashe yake, abin da geji ke nuna maka zafin gari ne, ba yawan gas ba. R134a, wato gas ɗin esin irin wannan mota, muddin akwai ko ɗan kaɗan nasa a matsayin ruwa a cikin bututu, matsinsa zafi yake bi. A digiri 20 za ka ga wajen psi 68, a digiri 30 wajen 97. Ko rabin gas ne a ciki, ko cikakke, ko an yi masa ƙari, allurar kusan wuri ɗaya za ta tsaya. Ɗan gejin da ke kan gwangwani kuwa ɓangaren ƙaramin matsi kaɗai yake gani. Abin da ke faruwa a ɓangaren babban matsi, inda haɗarin yake, bai san da shi ba. Shi ya sa ake auna gas da sikeli, da nauyinsa, gwargwadon abin da ke rubuce a sitikar motar.

Maman Iman:
Sannunku da ƙoƙari. Baban Sadik ina da tambaya ɗaya, don mun taɓa shan wannan wahala ni da maigidana. Idan kana hawan tudu ka taka totur sosai, iskar tana ci gaba da fitowa ta ramukan gabanka, ko tana komawa ta ƙarƙashin gilashin gaba? Tamu haka take yi, a kan hanya shimfiɗaɗɗiya lafiya, da an fara hawa sai iska ta ɓace daga fuska ta koma gilashi, idan an sauka ta dawo.

Baban Sadik:
Hajiya wallahi kamar kina cikin motar. Tun bara take yin haka, ban ɗauke shi a bakin komai ba. Wannan karon ma ya fi muni, ko a silo rabin iskar ta gilashi take fita, duk inda na murɗa makunnin.

Oga Mai Geji, na taɓa. Bututu mai kauri da sanyi, ba sanyi mai tsanani ba amma har yana ɗan gumi. Siririn kuma zafi ƙwarai, ba na iya riƙe shi. Tiyon hita duka biyun zafi rau.

Mai Geji:
Hajiya ta gama mana rabin aiki, Allah ya saka da alheri. Abin da kuka bayyana matsalar bakum ce, wato zuƙar iska. Manyan motocin gida da yawa na wancan zamani ba da motocin lantarki ake buɗe ƙofofin iska ba, da zuƙar inji ake yi. Injin fetur yana zuƙar iska da ƙarfi idan totur a sake yake, sai a ja siririn tiyo daga nan zuwa wata 'yar tulun roba da ke ajiye zuƙar, daga ita zuwa makunnin da ke gabanka. Idan ka taka totur har ƙasa zuƙar inji tana faɗuwa kusan babu, a lokacin ne tulun ke riƙe ƙofofin, akwai kuma ɗan bawul mai hanya ɗaya da ke hana zuƙar komawa. Idan tiyon ya tsage, ko tulun ya fashe, ko ɗan bawul ɗin ya mutu, ƙofofin sai su koma mazauninsu na asali. Da gangan aka tsara mazaunin asalin ya zama gilashin gaba, don ko komai ya lalace direba ya iya share raɓa ya ga hanya. A wasu ƙirar bawul ɗin ruwan hita ma zuƙa ce ke rufe shi, idan babu ita a buɗe yake zama.

Kai kuma ga bututun sanyinka yana gumi, ga tiyon hita duka biyu da zafi alhali makunni na kan sanyi. Esinka yana aiki, hita ce ke cinye sanyin.

Alhaji Dogo:
To amma Malam, idan haka ne ni me ya sa nawa ya gyaru da na ƙara gas? Ba labari aka ba ni ba, da hannuna na yi. Kuma mota ta shekara ashirin ka ce gas ɗinta bai ragu ba? Roba tana tsufa. Ni ban yarda a ce kowane abu sai an kai wa mai inji ba.

Mai Geji:
Gaskiyarka Alhaji, taka gas ne ya ragu, kuma ka yi sa'a abin da ka ƙara ya zo daidai. Ban musa ba, raguwar gas ita ce ta fi yawa a cikin dalilan rashin sanyi, musamman motar da ke daɗewa a ajiye, domin sil ɗin bakin kwamfuresa da zobban roba suna bushewa idan mai bai zagaya ya jiƙa su ba. Abin da nake cewa shi ne alamar ba ɗaya ba ce. Mai ƙarancin gas, kwamfuresarsa tana kamawa tana saki da sauri, daƙiƙa kaɗan kaɗan, bututu mai kauri kuma ba ya sanyi. Na Baban Sadik yana yin fiye da minti, bututun da sanyi, siririn kuma ya yi zafin da hannu ba ya iya riƙewa. Ina tsoron sakin da take yi ma na makunnin babban matsi ne, wato gas ya yi yawa. Gwangwanin nan yawanci giram 340 ne kowanne. Idan shi ya ɗura, giram 680 ke nan a kan abin da ba mu san yawansa ba.

Injiniya Mai Dizal:
Ina bin muhawarar tun farko. Ƙari kaɗan ga masu irin tawa, mai injin dizal a baya, kada su karanta wannan su tafi neman tiyo a jikin inji. Dizal ba ya samar da zuƙa kamar fetur, don haka ɗan famfon lantarki ake sa wa a gaba, shi ke yin aikin. Idan ka buɗe makulli ka ji yana ta gurnani ba ya tsayawa, akwai yoyo a layin. Idan ba ka ji motsinsa ba sam, ka duba fis ɗinsa. Kuma maganar Alhaji ta dogon bututu a kanmu ta fi zama gaskiya, domin kwamfuresa tana can baya, ebaforeta tana gaba, bututun yana bin tsawon motar gaba ɗaya, mita goma ko fiye, zuwa da dawowa. Gas ɗinmu ya fi yawa, wuraren yoyo ma sun fi yawa, musamman inda tiyo ke gogar shasi.

Masu ƙanana da aka gina a kan Sprinter ko Ducato kuma, esin gabansu na kamfanin motar ne tun daga masana'anta, ƙofofin ba da zuƙa suke aiki ba. Kowa ya fara sanin irin tasa. Ku duba sitika ma ku ga wane gas ne, don sababbin motoci da yawa sun koma R1234yf, bakin ɗurinsa daban, kuma ba a gauraya su.

Baban Sadik:
To yanzu ta yaya zan tabbatar kafin in fara sayen kaya?

Mai Geji:
Ka bari inji ya huce sarai. Ka nemi filaya mai matse tiyo, irin mai santsin baki da ba ta yanka roba, ka matse tiyon da ke kai ruwa cikin hita. Idan babu, ka naɗa tsumma mai kauri a kan tiyon kafin ka matse da wadda kake da ita, kuma kada ka matsa fiye da kima tunda robar ta tsufa. Sai ka tayar da mota ka kunna esi, ka sa ma'aunin zafi a ramin iska na tsakiya, ka jira minti goma. Idan iska ta yi sanyi, an kama ɓarawo.

Daga nan ka bi siririn tiyon zuƙa da yatsa tun daga inji har tulun, har inda ya shige bango. Da inji a silo ka kasa kunne, wurin da ya tsage yana yin shiii. Ɗan bawul mai hanya ɗaya kuwa ka cire shi ka hura da baki, ta gefe ɗaya kaɗai ya kamata iska ta wuce.

Ɗan Autan Direba:
Idan ya tabbata gas ya yi yawa ai da sauƙi, ya danna bakin bawul da sukudireba ya rage kaɗan.

Maman Iman:
A'a ɗana, kada ka koya wa mutane wannan. Gas ɗin nan yana tafasa ne a digiri 26 ƙasa da sifili, idan ya fesu a fata ƙuna yake yi, idan a ido ne kuwa sai dai Allah ya kiyaye. Maigidana har yau akwai tabo a bayan hannunsa.

Mai Geji:
Hajiya ta faɗi gaskiya. Ban da haka, man kwamfuresa yana biyo gas ɗin ya fita, ba ka san nawa ka zubar ba, ba ka san nawa ya rage ba, ka koma inda ka fara. Kuma sakin sa a iska laifi ne a dokar ƙasashe da dama saboda illarsa ga yanayi. Akwai injin da ke zuƙe shi ya auna nauyinsa, wannan kam sai wajen mai aikin.

Baban Sadik, wani abu da na manta ban tambaya ba. Ka duba jikin gwangwanin da ka ɗura, gas zalla ne ko an rubuta yana toshe yoyo? Masu maganin toshiyar nan idan suka haɗu da danshi suna daskarewa a cikin bawul ɗin faɗaɗawa, mai sakin gas cikin ebaforeta, da kwandensa, wato lagireton esi mai fitar da zafin gas, kuma masu injin zuƙa da yawa ba sa yarda su jona injinsu da motar da aka sa wa shi. Ka duba kuma ko an rubuta yana kamawa da wuta, don akwai masu sayar da gas irin na girki a matsayin madadin R134a.

Baban Sadik:
Na duba gwangwanayen, alhamdu lillahi R134a ne zalla, giram 340 kowanne. Gobe da safe zan yi gwajin filaya in sha Allah.

Alhaji Dogo:
Kafin nan, idan tafiyar ta matso, ka tayar da janareta ka kunna na rufi kuna tafiya. Mu da yawa haka muke yi ko da na gaba lafiyarsa lau, don gilashin gaban nan faɗi gare shi, rana na dukan sa, esin gaba shi kaɗai ba ya iya sanyaya gida guda. Ka dai tabbata na'urar gano hayaƙi mai guba tana aiki, kuma salansar janareta ba ta yoyo.

Baban Sadik:
Jama'a barkanmu da warhaka, ga rahoto. Na matse tiyon hita kamar yadda Oga ya ce. Zafin waje digiri 32. Kafin matsewa ma'auni yana nuna 36 a ramin iska, wato ya fi waje zafi. Bayan matsewa da minti goma ya sauko 17.

Na bi tiyon zuƙa, sai ga shi dab da tulun ya bushe ya tsage tsawon gaɓar yatsa, ina taɓa shi ya karye a hannuna. Na canza tiyon gaba ɗaya, na sa sabon ɗan bawul tunda tsohon yana wuce iska ta gefe biyu. Da na tayar da mota na ga hannun bawul ɗin hita ya ja da kansa ya rufe, iska kuma ta dawo ramukan gaba duka. Na cire filaya, yana nan a 17. Na hau tudu na taka totur, iska ba ta gudu gilashi ba.

Amma 17 ɗin nan ya tsaya, ba ya sauka, kuma kwamfuresa tana nan tana saki.

Mai Geji:
Barka da arziki. Ragowar aikin gwangwani biyun nan ne, in sha Allah. Idan gas ya yi yawa yana cika kwandensa da ruwa, wurin da zai fitar da zafi ya ragu, matsi ya hau ta ɓangarorin biyu. Shi kuwa sanyin ebaforeta da ƙaramin matsi yake tafiya: a psi 28 gas ɗin yana wajen digiri sifili, a psi 50 yana wajen 12. To idan ebaforeta kanta tana 12 ko 13, iskar da ta ratsa ta ba za ta fi 17 sanyi ba.

Kafin ka je wajen mai inji ka leƙa gaban kwandensa, ka wanke ƙura da ƙwari da ganye da ruwa marar ƙarfi don kada fikafikanta su lanƙwashe, ka duba tsakaninta da lagireto ma. Idan akwai fankar lantarki a jikinta ka tabbata tana tashi da an kunna esi, domin mutuwarta ma tana ɗaga matsi, sai ka ga sanyi a kan gudu, a tsaye babu. Idan ka je, ka ce a zuƙe gas a gaya maka nauyinsa, a ja bakum, wato a zuƙe iska da danshin da ke cikin bututun esi, na aƙalla rabin awa, a rufe a ga ko allura za ta motsa, sannan a ɗura da sikeli daidai sitika. Kafin nan ka rage kunna esin.

Injiniya Mai Dizal:
Idan har za a kwance wani bututu, ya canza diraya, wato ɗan tulun da ke tsotse danshi a layin gas, a lokaci guda. Idan ba za a buɗe komai ba, zuƙa da ɗuri kawai, zai iya barin ta. A sa masa ɗan rinin gano yoyo ma, don gaba.

Baban Sadik:
Na dawo daga wajen mai aikin. Kafin ya taɓa komai ya sa geji biyu, ƙarami yana 52, babba yana haura 350 kafin kwamfuresa ta saki. Sitikar motar ta ce kilo 1.25. Abin da injinsa ya zuƙo kilo 1.8 ne. Ya ja bakum minti 40, allura ba ta motsa ba, ya canza 'yan bawulolin bakin ɗuri biyu don ɗaya yana ɗan tsatsafo, ya sa rini, ya ɗura 1.25. Yanzu ƙarami 34, babba 225, ramin iska digiri 8 a kan hanya, 11 a silo. Na gode muku duka, Oga Mai Geji da Hajiya musamman.

Alhaji Dogo:
Ma sha Allah. Idan aka cire 680 daga 1.8 saura kilo 1.12, ke nan dai gas ɗin ya ɗan ragu da giram 130 tun asali. Amma na yarda ba shi ne ciwon ba, kuma da ka bi shawarata ka ƙara biyu da wataƙila yanzu kwamfuresa muke nema. Malam Mai Geji, tawa ma tana mayar da iska gilashi a kan tudu, na ɗauka haka aka yi ta. Tulun nan a wane gefe yake zama?

Mai Geji:
Ya danganta da wanda ya gina jikin motar, Alhaji, amma yawanci idan ka buɗe murfin gaba za ka gan shi a manne da bango ko da ƙarfen shasi, baƙi, kamar ƙwallo ko gwangwani, da siraran tiyo biyu a bakinsa. Ka ɗauko hotonsa da na makunnan gabanka ka turo mu gani. Baban Sadik kai kuma ko motar na ajiye ka riƙa tayar da ita kana kunna esin minti goma duk bayan mako biyu ko uku, bayan wata ɗaya kuma ka haska mahaɗan bututu da fitilar rinin ka gaya mana abin da ka gani.